Laraba: ƙanena da neman htdocs a Ubuntu

Bayan la'asar ƙanena ya shigo da kwamfutarsa a hammata, rai a ɓace. Aikin makaranta ne, shafin rajistar ɗalibai da ya rubuta da yaren kwamfuta na PHP. A makaranta Windows suke amfani da ita da XAMPP, manhajar da ke mayar da kwamfuta sabar gwada shafi, don haka ya saba zuba fayilolin shafinsa a foldar htdocs, wato C:\xampp\htdocs. Tasa kuwa Ubuntu ce, wani nau'in Linux. Ya saka Apache, manhajar sabar da ke fito da shafi, da PHP, ya duba lungu da saƙo, babu htdocs babu dalilinta.

"Yaya, ko Apache ɗin ne bai sauka daidai ba?"

Na ce ya buɗe burauza ya rubuta localhost, wato adireshin kwamfutar kanta. Sai ga shafin nan mai cewa "It works!" ya fito. Ka ga kuwa sabar lafiyarta ƙalau. Wannan shafin ma fayil ne, index.html, yana zaune a /var/www/html, kuma nan ne wurin da yake nema. Kowa da inda yake ajiye nasa: WAMP, takwarar XAMPP a Windows, na da www, XAMPP na Linux kuma /opt/lampp/htdocs.

Amma ban so ya haddace su kamar karatun allo ba, domin gobe zai tarar da wata kwamfutar da aka sauya wa wuri. Na sa shi ya buɗe /etc/apache2/sites-available/000-default.conf da hannunsa, ya nemo layin DocumentRoot. Abin da aka rubuta a gabansa, nan Apache ke dubawa idan an nemi shafi. A XAMPP layin na cikin httpd.conf. Malamai da yawa ba sa nuna wa yara wannan, "ku sa a htdocs" kawai suke cewa, kuma abin na ba ni haushi.

Da ya zo kwafa fayilolinsa zuwa wurin, sai kwamfutar ta hana shi, wai ba shi da izini. Wurin mallakin root ne, wato babban asusu mai iko da komai a kwamfutar. Nan take ya ce a intanet an ce a ba da umarnin chmod 777. Na ce a'a, wannan buɗe wa kowa ƙofa ne. Muka yi masa wuri nasa a ciki mai suna rajista, muka mallaka masa da umarnin chown, muka bar Apache da damar karantawa, tunda da sunan www-data take aiki.

Ana kiran magariba localhost/rajista ya buɗe, fom ɗin ya fito. Da ya danna "Aika" sai ya kawo kuskure, ashe bai saka MySQL, manhajar adana bayanai, ba tukuna. Na ce wannan kam sai Asabar, Hajiya ma ta aiko a zo a ɗauki tuwo.