Hoto 34, ɗaya na ɗora

Ranar Juma'a muka je bakin teku a Jidda, ƙanwata ta dube ni ta ce, "Yaya, teku kika zo gani ko fuskarki?" Na yi dariya na share. Da muka dawo Makka da daddare na ƙirga: hoto 34, wuri ɗaya, mayafi ɗaya. Ɗaya kawai na ɗora a Instagram, shi ma sai da na goge tabon kumatuna.

Mutane sukan ce masu wannan ɗabi'a ji da kai ne ke damunsu. Ni a wajena akasin haka ne. Ranar da raina ya ɓaci, ko na ga ƙawayena sun haɗu ba ni, ranar nake yawan ɗauka. In na ɗora, sai in kifa wayar, in sake ɗagawa, ina jiran wa ya danna, wa ya wuce. Daɗin ba ya kai awa ɗaya.

Instagram ya gwada ɓoye adadin masu dannawa a 2019. Ni kam na san hanyar da zan bi in duba nawa.

Jiya Umma ta miƙo min shayi, na ce ta tsaya tukuna, hasken tagar ya yi kyau. Ta ajiye kofin ta fita.