Noman gwal da 'yan bot, abin da idona ya gani a RuneScape

Daren jiya ina tsaye a Grand Exchange, wato babbar kasuwar cikin wasan intanet ɗin nan Old School RuneScape, ina jiran wasu kayan da na saka su sayu, sai ga su nan sun jeru kamar kullum, su biyar ko shida, duk kai ƙwal da ɗan gemu, kaya iri ɗaya kamar 'yan makaranta ɗaya, sunayensu kuma ba ko na Allah, harufa ne da lambobi aka watsa kawai, kowanne sai zuba talla yake a sayi gwal, wato kuɗin cikin wasan, da araha a shafi kaza, minti biyar an kawo maka. Na danna rahoto a kan biyu, na gaji, na bar sauran. Yau da safe na dawo, waɗancan babu su, amma wasu sabbi sun tsaya a daidai inda suka tsaya.

Ga wanda bai san harkar ba, bot wata manhaja ce da ke buga wasan da kanta, ba mutum a bayanta. Ita za ta sari itace, ta haƙi ma'adini, ta kama kifi, ta kai banki ta dawo, dare da rana ba barci ba cin abinci ba ɗauke wuta. Mai ita yana iya kunna ɗaruruwa lokaci guda, duk abin da suka tara a mayar da shi gwal ɗin wasan, a tura wa wani akawun da ke ajiya, daga nan a sayar wa 'yan wasa da kuɗin gaske. Dokar wasan ta hana duka biyun, da bot ɗin da cinikin. To amma kun san doka.

Ni na shigo wasan ne a 2019, bayan an fito da shi a waya a ƙarshen 2018, don ba ni da kwamfutar kirki a lokacin. Kuma farkon abin da ya fara ɓata min rai shi ne wajen haƙar ƙarfe kusa da birnin Varrock na cikin wasan. Dutse uku ne ko huɗu kake dogaro da su, ga intanet ɗinka yana tafiyar hawainiya, kafin hannunka ya kai wani mai kai ƙwal ya riga ya kwashe, ka yi masa magana shiru, ka zage shi shiru, sai daga baya wani ya ce min malam kana ɓata yawunka ne, ai ba kowa a ciki. Ka tara ƙarfen da ƙyar ka kai kasuwa kuma ka tarar ba shi da daraja saboda sun cika ko'ina da shi. Wannan ita ce ɓarnarsu ta gaske, ba tallan da suke damun mutane da shi ba. Duk wata sana'a da sabon ɗan wasa zai yi ya samu na kashewa sun riga sun kashe ta, abin da ba sa iya samarwa da yawa kuma kuɗinsa ya yi ta hawa saboda gwal ya yi yawa a hannun mutane.

Kamfanin Jagex da ke Kambirij a Ingila, wato mai wasan, ya daɗe yana wannan yaƙin, kuma gaskiya ba abin da bai gwada ba. Da can akwai wasu halittu da ke faɗo maka haka kawai kana tsaka da aiki, wata mata mai tallan burodi ta ce ka zaɓi abu kaza, ko a ɗauke ka a jefa wani waje sai ka warware ɗan wasan ƙwaƙwalwa, wai don a gane mutum ne ko inji. Masu bot suka koya wa manhajarsu amsoshin tsaf, ya zama mutanen gaske kawai abin ke takura wa, daga baya aka mayar da shi na ganin dama.

Babban abin shi ne na Disambar 2007. Masu sayar da gwal sun koma biyan kuɗin mamba, wato kuɗin da ake biya don a buɗe maka cikakken wasan, da katunan banki na sata, masu katin su kai ƙara, a ƙwace kuɗin daga kamfanin har da tara, har abin ya fara barazana ga mu'amalarsu da bankuna. Sai suka yanke hukunci mai tsauri, suka hana ka ba wani kyauta mai yawa ko ku yi musayar da ba ta daidaita ba, suka kuma cire kashe juna a kwashe kaya a Wilderness, jejin nan na arewacin taswira, tunda ta nan ma ana miƙa gwal, mai sayarwa ya tsaya a kashe shi mai saye ya kwashe. Maganin ya yi aiki, amma irin aikin da ake cewa an kashe maciji an haɗa da ƙona ɗaki. Ba ka iya ba ƙaninka takobi, ba ka iya taimakon abokinka da ya faɗi, mutane da yawa suka tattara suka bar wasan. Sai da aka yi ƙuri'a, sama da mutum miliyan ɗaya suka jefa, kashi 91 cikin ɗari suka ce a dawo da shi, aka dawo da shi ranar 1 ga Fabrairun 2011. 'Yan bot suka dawo tare da shi kamar an buɗe dam. A watan Oktoba na shekarar aka yi abin da ake kira Bot Nuke, kamfanin ya ce ya kashe kusan kashi 98 na manhajojin, adadin masu wasa ya faɗi warwas a rana ɗaya, a nan kowa ya gane yawancin cunkoson da ake gani ashe ba mutane ba ne. Bayan wasu watanni an sake rubuta sababbi.

Can a wasan World of Warcraft ma haka, masu shi Blizzard su kotu suka fi so. Sun yi ƙarar wanda ya ƙirƙiri wani bot mai suna Glider, a 2017 kuma kotu a Amurka ta ci wani kamfanin Jamus mai yin bot, Bossland, tarar sama da dala miliyan 8. Kuma har yau akwai bot a wasan.

To ni inda tunanina ya canza ba a kan injin ba ne, a kan mutane ne. Akwai lokacin da na zama mamba na fara shiga Wilderness farautar masu kashe koren dodanni, don an ce min duk 'yan bot ne, ƙasusuwa da fatun dodon suke tarawa su sayar, kai kuma ka kashe su ka kwashe, har kana jin kamar aikin lada kake yi. Wata rana na tare wani, ya kusa mutuwa sai ya tsaya ya rubuto min magana da Sifaniyanci, roƙo ne, na gane daga kalma biyun farko. Bot ba ya roƙo. Na ƙyale shi, muka koma gefe muna hira da taimakon Google Translate, kowa na kwafa yana mannawa. Ɗan Benezuwela ne, ya ce da wannan yake sayo abincin gida, shi da matarsa suna karɓa-karɓa a kwamfuta ɗaya, in ya gaji ta hau. Ya ce babban tashin hankalinsa a ɗauke wuta yana tsakiyar jeji da kaya cike a jaka. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai a ɗaki, na ce masa ɗan'uwa wannan ciwon mun san shi.

Ba shi kaɗai ba ne. Lokacin da kuɗin ƙasarsu, boliba, ya zama takarda, albashi mafi ƙanƙanta ya koma 'yan daloli kaɗan a wata, dubban mutane suka gano cewa gwal ɗin wannan tsohon wasan ya fi kuɗin gwamnatinsu riƙe daraja, ga shi wasan ba ya buƙatar babbar kwamfuta ko intanet mai ƙarfi. Da aka yi babbar ɗaukewar wuta a ƙasar a watan Maris na 2019, 'yan wasa a ko'ina suka lura wuraren noman sun yi tsit. Kafin su kuma 'yan Chaina ne aka sani da sana'ar, matasa cike da ɗaki suna yi wa wani oga aiki awa goma sha biyu a World of Warcraft, har jaridar Guardian ta taɓa kawo labari a 2011 na wani tsohon fursuna da ya ce ana tilasta musu noman gwal da dare a sansanin gwale-gwale bayan sun wuni suna aikin ƙarfi. Masu cin ribar gaske kuma suna sama, kamar kamfanin IGE da ya yi zamansa a Hong Kong yana dillancin gwal, wanda Steve Bannon, eh wannan dai na siyasar Amurka, ya taɓa shugabanta.

Kar ku ɗauka ina wanke su ne. Abin da suke yi ya saɓa doka, kuma illarsa a kasuwa kusan ɗaya ce da ta bot. Wasunsu ma sun haɗa ƙungiyoyi suka mamaye kogon Revenant, sai ka biya kuɗin kariya kafin a bar ka ka yi farauta, har sai da aka canza tsarin wajen a 2020. Amma dai na daina kallonsu a matsayin tushen matsalar, domin duk wannan wahalar da suke sha, wa suke sayar wa?

Mu. 'Yan wasa. Lokacin da Jagex ya fito da Bonds, wato tikitin zama mamba, a babban RuneScape a 2013, shugaban kamfanin na lokacin Mark Gerhard ya faɗa da bakinsa cewa kashi 40 zuwa 50 na masu wasa suna sayen gwal a wajen manoma a kowane wata. Ku tsaya ku ji wannan adadin. Wato wanda ke tsaye kusa da kai yana tsine wa bot, akwai yiwuwar sulken da ke jikinsa da gwal ɗin bot ya saya. Na san wani a cikin ƙungiyarmu, babban mai surutu a kan a kori 'yan bot, ashe yana saye a ɓoye, bai tonu ba sai ranar da ya wayi gari an share bankinsa na cikin wasan tas, shafin da ya saya ya sa shi shigar da bayanansa wai don tantancewa. Ya zo yana kuka a gurup, muka tambaye shi ya aka yi suka samu fasuwod ɗinka, ya yi ta kame-kame. Da yawa daga gwal ɗin da ake sayarwa ma ba nomansa aka yi ba, irin nasa ne da aka sace, a sake sayar wa wani.

Bond ɗin nan kuwa dabara ce ta in ba ka iya hana ciniki ba to ka buɗe shagonka. Ka saya a wajen kamfani da kuɗin gaske, ka sayar wa wani ɗan wasa da gwal, shi kuma ya samu kwana 14 na mamba ba tare da ya taɓa katin banki ba. Masu wasan EVE Online ne suka riga su da irin nasu mai suna PLEX, Blizzard suka bi da WoW Token a 2015, a shekarar ne ma aka kawo Bond cikin Old School. Wasu na cewa halatta sayen nasara ne kawai, kuma akwai gaskiya a ciki. Ni dai ba zan zage shi ba, don da shi nake zama mamba, lokacin da katunan naira suka daina biyan kuɗin waje yadda ya kamata ba ni da wata hanya sai in tara gwal in sayi Bond. Matsalarsa ɗaya, gwal ɗin bayan fage ya fi shi araha nesa ba kusa ba, mai son banza kuma ba zai bari ba.

Shi ya sa matakin da na fi yarda da shi shi ne wanda Jagex suka sanar a 2021, cewa mai saye ma zai ɗanɗana, a ƙwace dukiyar ko a rufe akawun ɗin. Mai bot in ka rufe masa ɗari bai ji komai ba, ya riga ya saka wannan a lissafinsa kamar kuɗin haya, gobe zai buɗe ɗari biyu. Amma mutumin da ya shekara biyar yana gina akawun ɗaya, shi yana da abin da zai rasa. Rufe Duel Arena, filin da mutum biyu ke faɗa a kan gwal, a 2022 ma ya taimaka, don wajen ya zama gidan caca tsantsa, mutum ya yi asarar komai ya ruga ya sayo wani gwal ɗin ya dawo ya sake zubarwa.

Ban ɓoye muku ba, ni ma na taɓa zama da biro da takarda lokacin da dala ta haukace, na ce to me zai hana. Na lissafa abin da zan iya tarawa a awa ɗaya da matsayin akawun ɗina, na duba farashi, miliyan ɗaya ba ya kai ko rabin dala, shi ma farashin mai saye ne, dillali zai yanki nasa kafin ya zo gare ka, na cire data, na cire man janareta, na tuna in aka kama ni shekaruna ne suka tafi. Kuma abokan gasata injina ne da ba sa shan mai. Na yage takardar.

Ɗan Benezuwelan nan yana cikin jerin abokaina har yanzu. Mun yi kusan wata huɗu muna gaisawa in mun haɗu, ya koya min kalmomin Sifaniyanci kaɗan, ni ma na koya masa sannu da aiki, yana rubuta ta ba daidai ba kullum. Daga nan sunansa ya koma ja, alamar ba ya kan layi, kuma bai sake komawa kore ba. Jerin nawa ya kusa cika, jiya ma sai da na goge mutum uku don in saka sababbi, nasa na tsallake shi.