Fankokin akwatin kwamfuta marasa ƙara: abin da na duba kafin na ɗaura

Da na tashi sauya fankokin kwamfutar tebur ɗina, lambar desibel, wato ma'aunin ƙarfin ƙara, da ke jikin kwali ban ba ta muhimmanci ba. Kowane kamfani da yadda yake auna tasa, don haka kwatanta ta tsakanin kamfanoni biyu ba ya gaya maka komai. Abin da ke kawo shiru shi ne babbar fanka mai juyawa a hankali. Idan ka rage gudun fanka da rabi, ƙararta takan faɗi da kusan desibel 15, alhali fankoki biyu iri ɗaya a gudu ɗaya desibel 3 kawai suke ɗorawa a kan ƙarar guda ɗaya. Ke nan fankoki uku a juyi 700 a minti sun fi guda ɗaya a juyi 1,500 daɗin zama kusa.

Shi ya sa na fara da auna ramukan akwatin. Fanka mai milimita 120 tazarar ramukan sukurunta milimita 105 ce, mai 140 kuma 124.5, yawancinsu kaurin milimita 25. Inda akwatin ya karɓi 140 na sa 140: biyu a gaba suna jawo iska, mai 120 ɗaya a baya tana fitarwa. Iskar da ke shiga ta fi mai fita, sai rarar ta riƙa fita ta ƙananan kafofi maimakon ƙura ta riƙa shigowa ta nan. A jikin fanka kuwa, iska tana fita ne ta ɓangaren da sandunan da ke riƙe injinta suke. Wasu fankokin ma suna da 'yar kibiya a gefe mai nuna inda iskar ke nufa.

Boris, wato abin da sandar fanka ke juyawa a cikinsa, shi ne abin da mutane suka fi mantawa, kuma shi ke nuna yadda fanka za ta kasance bayan ta daɗe tana aiki. Mai araha, wanda sanda ke juyawa cikin bututu da ɗan mai, yana farawa shiru, amma man na bushewa, musamman idan an kwantar da fankar a rufin akwati, sai ta soma gurnani. Mai ƙwallaye yana da ƙarko, sai dai yana da wata 'yar ƙara da kunne ke tsinta idan gudu ya yi ƙasa. Ni na tsaya kan mai juyawa a kan matsin mai, wanda ake rubuta FDB, ko makamancinsa irin SSO2 na Noctua.

Gaban akwatina akwai ragar tace ƙura, don haka na nemi fanka mai ƙarfin tura iska ta cikin matsi, irin Arctic P14 ko Noctua NF-A14. Haka ake bukata a kan lagireton kwamfutar da ake sanyaya ta da ruwa. Fankar da ba ta da wannan ƙarfin, da ta haɗu da raga sai ta yi ta kugi iska kaɗan na wucewa.

Sai batun waya. Mai fil 3 ana rage mata gudu ne ta rage wuta daga bolt 12, kuma idan wutar ta yi ƙasa sosai takan ƙi tashi. Mai fil 4, wato PWM, tana sauka ƙasa sosai ba tare da ta tsaya ba. A BIOS, wato shafin saitin kwamfuta da ake shiga lokacin kunna ta, na tabbatar kowane soket yana kan tsarin da ya dace da fankarsa, domin mai fil 3 a soket ɗin da aka saita PWM takan yi ta gudu a ƙure. Soket ɗaya yawanci amfiya 1 yake ɗauka, saboda haka kafin haɗa fankoki da waya mai rassa sai na tara amfiyar da ke rubuce a bayan kowace.

Saitin gudu ya fi sayen fanka mai tsada tasiri. Na bar fankokin a kashi 35 cikin 100 na iyakar gudunsu har zafin furosesa ya kai digiri 60, daga nan su hau a hankali. Na kuma sa jinkirin 'yan daƙiƙu kafin su sauya gudu, don fankar da ke tashi tana sauka kowane lokaci ta fi damun kunne a kan mai ƙara ɗaya tsayayya. Idan wani gudu yana sa ƙarfen akwatin amo, nakan ɗaga ko in sauke da juyi 50 zuwa 100, in kuma maye sukurun ƙarfe da turakun roba. Kafin ka zargi fankokin akwati, tsayar da su ɗaya bayan ɗaya na ɗan lokaci ka saurara: sau da yawa ƙarar daga fankar katin hoto ko ta akwatin da ke ba kwamfutar wuta take fitowa.