Yadda nake gane tabar siga ta ƙwarai

Ni ɗan Nima ne a nan Akra, kuma sana'ata shigo da tabar siga, waccan ƙatuwar taba mai launin ƙasa da ake naɗewa da ganye maimakon takarda. Kamfanin namu ƙarami ne. Ni ne, sai ɗan yayata mai riƙe da littafin lissafi, sai yara biyu masu kai kaya a babur. Ba mu da shago a bakin titi. Masu sayen kayanmu otal-otal ne da wuraren shaƙatawa na Osu, Cantonments da East Legon, sai ɗaiɗaikun mutane: ma'aikatan ofisoshin jakadanci, 'yan kasuwa Labanawa, da 'yan ƙasa da suka daɗe a Turai ko Amurka suka dawo da ɗabi'ar.

Tambayar da aka fi yi mini a Zango ita ce wadda kawuna ya taɓa yi da ya ji farashi: "Kai ɗana, taba kara ɗaya kuɗin cefanen gida? Zinariya aka zuba a ciki?" Na ce masa, "Kawu, ganye ne kawai, amma ganyen ya sha hannu." Gaskiyar ke nan. Darajar siga tana cikin ganyenta, da hannun da ya naɗa ta, da yadda aka ajiye ta har ta iso bakin mai sha. Zoben takardar nan mai ruwan zinariya da ke wuyanta, wanda shi ne idon sabon shiga ke fara faɗawa a kai, kowace maɗaba'a tana iya buga shi.

In ana so a daina gardama, sai a sa reza. Ina yi wa duk sabon manajan otal da muka fara hulɗa da shi, duk da cewa asarar kara ɗaya ce. Ina kwantar da sigar a kan tebur in tsaga ta daga kai zuwa gindi. Rigar waje ce ke fara buɗewa, ganye ɗaya siriri mai santsi da ɗan maiƙo, wanda in ka ɗaga shi wajen fitila za ka hango hasken. A ƙarƙashinsa akwai ganye na biyu mai kauri, mara kyan gani, shi ne majanyin da ke riƙe cikin. Sai cikin kansa: ganyaye uku ko huɗu dogaye, an nannaɗe kowanne a tsaye, daga wannan baki zuwa wancan. Kana iya jawo ɗaya ka warware shi a tafin hannu ka ga jijiyoyinsa. Daga nan sai in tsaga ta inji, irin wadda ake sayarwa cikin kwali a kantunan filin jirgi. Da rezar ta shiga sai ɓurɓushi ya zube kamar ganyen shayi, majanyin kuma ba ganye ba ne, garin taba ne aka kwaɓa aka shimfiɗa ya zama takarda. Galibi an zuba mata ƙamshin zuma ko na wani ɗan itace don a rufe ɗacin. Duk wanda ya ga waɗannan biyun a gefen juna ba ya sake tambaya.

Har kotu ta shiga maganar a Amurka. A shari'ar da masu siga suka yi da hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, wata kotun tarayya a Washington ta yi aiki da wata ƙa'ida a 2020: sai an naɗa ta da hannu, rigarta cikakken ganye, majanyinta ganye zalla, aƙalla rabin cikinta dogon ganye, babu audugar tacewa, babu ƙamshin da aka ƙara, babu komai sai taba da ruwa da ɗan ƙaron liƙi, kuma kara 1,000 su wuce fam 6 a sikeli. Ƙa'idar ta yi daidai, sai dai ni a wurina ƙofar shiga ce kawai. Siga tana iya cika duk waɗannan sharuɗɗan kuma ta zama banza, in ganyen bai nuna ba.

A nan gizo ke saƙar. Shukar taba ɗaya tana ba da ganye iri-iri. Na can sama, wanda rana ta fi duka, shi ne mai kauri da ƙarfi, Kyubawa na ce masa ligero, kuma ba ya saurin cin wuta. Na tsakiya, seco, shi ke ɗauke da ƙamshi. Na ƙasa, volado, ba shi da wani ɗanɗano sosai amma shi ke sa wuta ta yi tafiya. Mai haɗawa ne ke sanin nawa za a ɗiba daga kowanne, kuma wannan sirrin kowane gida ne. Ganyen riga kuwa a Kyuba ƙarƙashin rumfar farin ƙyalle ake noma shi don kada rana ta ƙona shi ya yi kaushi. Ba a girbe gonar rana ɗaya. Daga ƙasa ake farawa, ganye biyu ko uku a kowane zagaye, a bar shukar ta huta kwanaki sannan a dawo. A ɗinke ganyen bibbiyu a rataye a rumbun shanya wajen kwana 50, har kore ya koma rawaya, rawaya ya koma launin ƙasa. Bayan nan a jibge shi tsibi-tsibi, ya ɗauki zafi da kansa. Zafin nan ne ke fitar da warin da ke yaƙar maƙogwaro. Ana sa ma'aunin zafi a tsakiyar tsibin, in ya yi yawa a rushe a sake jerawa, na ciki ya dawo waje. Sai a ɗaure shi dami-dami a jefa ɗakin ajiya, wani wata shida, wani shekara biyu ko fiye. Sigar da aka yi wa gaggawa tun a hanci ake kama ta: ka buɗe akwati wani wari mai yaji kamar na fitsari ya buge ka. Irin wannan ba na karɓa, ko sunan wa ke jiki.

Mahaifina fataucin goro ya yi tsakanin Kumasi da arewa, kuma a wurinsa na fara ganin yadda lokaci ke ƙara wa kaya kuɗi in an iya riƙonsu. Sabon goro kowa na da shi. Daushe kuwa sai wanda ya yi haƙurin buɗe huhu lokaci-lokaci, ya sauya ganye, ya tsince mai sankara kafin ya ɓata sauran. Da wannan idon nake duba siga.

Naɗin kansa aikin shekaru ne kafin a ƙware. Kayan aikin mai naɗi ba su da yawa: allon katako, wata faffaɗar wuƙa mai lanƙwasa mara ƙota, kaskon ƙaro, da mazubin katako da ake matse karan a ciki ya ɗauki siffa. Gwani yana yin kusan ɗari a yini. Abin da ke raba shi da ɗan koyo shi ne iska. In ya cusa ganye da yawa, mai sha zai yi ta zuƙa hayaƙi ba ya zuwa. In ya sassauta, wuta ta ruga, hayaƙin ya yi zafi da ɗaci. Shi ya sa nake bin kara da yatsu biyu daga sama har ƙasa, in ɗan matsa. Ina neman ya ba da kai kaɗan ya dawo, babu dunƙule, babu rami. Ina duba hular kai, wadda a ta Kyuba layi uku take nunawa. Ina duba launi: akwati na kirki, kara 25 ɗin da ke ciki kusan launinsu ɗaya, don akwai mutumin da aikinsa ke nan a masana'anta, ya jera su daga mai duhu zuwa mai haske.

Masu saye da yawa Kyuba kawai suka sani, kuma suna da hujja. Ƙasar Vuelta Abajo a lardin Pinar del Río ta yi suna tun da daɗewa. Sigar Partagás tun 1845 take, Montecristo 1935, Cohiba kuwa a 1966 aka fara ta, da fari don Fidel Castro da baƙinsa. Amma bayan juyin juya halin 1959 da takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba a 1962, iyalai da dama masu sana'ar sun fice da iri da iliminsu. Yau kwarin Cibao a Jamhuriyar Dominikan, da Estelí a Nikaraguwa, da Danlí a Honduras suna fitar da sigar da ba ta jin kunyar kowa. A 2022 guguwar Ian ta rushe rumbunan shanya masu ɗimbin yawa a Pinar del Río, a shekarar ce kuma Habanos, kamfanin da ke sayar da sigar Kyuba a duniya, ya ninka farashin Cohiba. Tun lokacin na ƙara karkata ga kayan Nikaraguwa da na Dominikan, kuma ra'ayina shi ne naɗinsu ya fi tabbas: a akwatin Kyuba ba abin mamaki ba ne ka tarar da kara biyu ko uku da suka toshe.

Abin da ke faranta mini rai in na faɗa wa baƙo shi ne, ɗaya daga cikin ganyen riga mafi daraja a duniya na Afirka ne. A gabashin Kamaru da makwabciyarta Afirka ta Tsakiya ƙananan manoma ke noma shi a fili, gajimare ne rumfarsa. Siriri ne, mai ɗan ƙurji-ƙurji in ka shafa, mai zaƙi-zaƙi a harshe, kuma yana da saurin yagewa, don haka ba kowane mai naɗi ake ba shi ba. Gidan siga na Arturo Fuente da shi yake yi wa wasu manyan sigoginsa riga. Ganyen ya tashi daga nan kusa da mu, ya tsallaka teku a naɗa, sannan ya dawo mana ta jirgi da kuɗin waje. Wannan yana yi mini ciwo, domin ribar mai tsoka ba ta tsayawa a hannun manomin.

Tsada ita ta jawo jabu. Akan kawo mini Cohiba cikin akwati mai murfin gilashi, wai wani ɗan'uwa ne ya sayo da araha a bakin teku. Kamfanin bai saba sayar da ita a irin wannan akwatin ba, kuma araha ba ta ado. In an tsaga, sharar masana'anta ce a ciki, wani lokaci har da zare.

To, a ce komai ya yi daidai daga gona har jirgi. A Akra tsugune ba ta ƙare ba, kuma wannan kason shi ne nawa. Siga tana son danshi kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari da zafin da bai wuce digiri 18 ko 20 ba. Garinmu kuwa bakin teku ne, zafi da gumi kusan duk shekara. Danshi ya yi yawa, kara ya kumbura, ya ƙi cin wuta, fumfuna ta hau shi. Hunturu ya sauko a Disamba da Janairu, iska ta bushe, rigar ta tsage kamar leɓe. Mafi muni shi ne ƙwaron taba. Ƙwansa na iya zuwa cikin ganyen tun daga can, yana kwance, da ɗaki ya yi ɗumi sai ya ƙyanƙyashe. Alamarsa ɗan rami zagayayye kamar na kan allura a jikin kara, da gari-gari a ƙasan akwati. Ka gan shi a kara ɗaya, to ka binciki ɗakin gaba ɗaya. Saboda haka duk kayan da suka sauka sai sun shiga leda mai kulle sun kwana uku a firiza, sannan su koma firji su huce a hankali, don in aka fito da su kai tsaye cikin zafi fashewa suke. A shekarun dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki, musamman 2015, kuɗin man janareta ya kusa cinye ribar sana'ar, domin na'urar sanyaya ɗakin ajiya ba ta da hutu. Ɗan yayata yana duba ma'aunin danshi safe da yamma ya rubuta a littafi, kuma in yaro zai kai kaya East Legon da rana tsaka, cikin kula yake ɗauka.

Akwatunan danshi da muke ba otal-otal a Kumasi ake yi mana su. Itacen da duniya ke amfani da shi, sidirela, asalinsa na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, amma an daɗe ana dasa shi a dazuzzukan Ghana, kuma ana samun katakonsa a kasuwar katako ta Sokoban. Yana shan danshi ya sake shi a hankali, ƙamshinsa kuma yana tafiya da na taba. Sharaɗina da kafinta biyu ne: katakon ya bushe sarai, don ɗanye yana tsatso da wani danƙo mai manne wa siga, kuma kada fenti ko banish ya taɓa cikin akwatin. Murfi in an sake shi ya sauka da ɗan huci, alamar iska ba ta da hanyar fita.

Akwai maganar da ba na ɓoye wa kowa. Daraja ba lafiya ba ce. Babbar siga ɗaya tana iya ɗaukar tabar da ta kai ta kwalin sigari guda, kuma ko mutum bai haɗiye hayaƙin ba, tana jawo sankarar baki da ta maƙogwaro. Malamanmu da yawa sun haramta taba, wasu sun ce makaruhi ce, kuma wannan magana tana da nauyi a zuciyata. Dokar lafiyar jama'a ta Ghana ta 2012, mai lamba 851, da ƙa'idojin taba na 2016 sun hana talla, sun hana sha a bainar jama'a sai a wurin da aka keɓe, sun hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, kuma dole kaya su yi rajista da hukumar abinci da magunguna su ɗauki gargaɗi a jiki. Ina bin wannan duka, na kuma ƙara nawa: ba na kai kayana Zango, kuma wanda bai taɓa sha ba ba na koya masa. Samarin unguwa sukan tare ni, "Alhaji, a ba mu ɗaya mu ɗauki hoto mana." Amsata ɗaya ce kullum, a'a, kuma yaran da ke kai mini kaya sun san duk wanda ya ba su, ranar ya bar aiki.