Yadda nake furta zunubi, da inda tuba take lalacewa

Idan na durƙusa don in furta zunubi, abu na farko shi ne in kira shi da sunansa. "Ya Ubangiji, ka gafarta mana dukan laifofinmu" addu'a ce mai kyau a taron sujada, amma in mutum shi kaɗai ne a gaban Allah, takan zama wurin ɓuya. Abubuwa uku nake faɗa: abin da na yi, wanda na yi wa, da abin da ya sa. Na ukun ya fi nauyi a baki, domin nan saiwar take, ko tsoro ne, ko kwaɗayi, ko girman kai.

Yawancin furci wajen kare kai yake lalacewa. A 1 Sama'ila 15, Sarki Saul ya ce ya yi zunubi, amma tun kafin nan ya riga ya ɗora laifin a kan jama'a, daga baya kuma ya roƙi annabi Sama'ila ya girmama shi a gaban dattawa. Sarki Dauda kuwa, da annabi Natan ya fuskance shi a 2 Sama'ila 12, ya amsa laifinsa bai kawo hanzari ba. Shi ya sa da zarar na ji bakina zai ce "in har na ɓata maka rai" ko "amma ai kai ma", sai in tsaya in sake daga farko.

Wa za a furta wa? Ma'aunina shi ne iyakar inda zunubin ya kai. Abin da ya tsaya a zuciya, tsakanina da Allah ne. Zuwa gaya wa ɗan'uwa cewa ka daɗe kana jin haushinsa, alhali bai ma sani ba, sauke kayanka ne a kansa, kuma na ga zumunci ya mutu ta haka. In akwai wanda aka cuta, Matiyu 5:23-24 ya ce a bar baiko, wato abin da aka kawo wa Allah, a gaban bagade, a je a shirya tukuna. Zunubin da ya zama jiki kuwa, yana bukatar mutum ɗaya amintacce, fasto ko dattijo, bisa ga Yaƙub 5:16, wanda zai yi addu'a ya kuma riƙa tambaya. 'Yan Katolika suna furtawa ga Fada, wato firist ɗinsu, kuma tun babban taron shugabannin cocinsu da ake kira majalisar Lateran ta huɗu a 1215 aka wajabta musu hakan aƙalla sau ɗaya a shekara. Fada ba ya da izinin bayyana abin da ya ji ko da wane dalili.

Sai biyan hakki, wanda mutane suka fi tsallakewa. A Littafin Firistoci sura 6, wanda ya ci amana zai mayar da abin, ya ƙara kashi ɗaya cikin biyar: wanda ya ci 100 ya kawo 120. Zakka mai karɓar haraji, da ya sadu da Yesu, ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya cuta. In tsegumi ne, sai a koma wurin waɗanda suka ji a gyara maganar. A nemi shawara tukuna in furcin zai jefa wani cikin hatsari.

Bayan haka ina toshe hanyar da zunubin ke bi: a goge lambar waya, a bar majalisar, a miƙa ajiyar kuɗin ga wani. Hawaye ba sa yin wannan aikin.

Akwai kuma kuskuren masu tsoron Allah, wato maimaita furcin zunubi ɗaya shekara da shekaru, suna jiran su ji sanyi a rai kafin su gaskata. Alkawarin 1 Yohanna 1:9 ya dogara ne ga amincin Allah. Yahuza, wanda ya ba da Yesu, ya yi nadama, har ya mayar da azurfa 30 da aka biya shi, amma wurin manyan firistoci ya kai laifinsa, suka ce masa ba ruwansu. In tsohon laifi ya dawo mini a rai, ina duba ko da sauran hakkin da ban biya ba. In babu, sai in yi godiya maimakon sabon roƙo.