Kwana-kwanar Pha Din zuwa kwarin Dien Bien Phu

Motar dare muka hau daga Hanoi, babban birnin Vietnam, ta bi ta Son La, ta haye tsaunin Pha Din mai kwana-kwana har cikina ya fara juyawa. Da asuba muka gangara Dien Bien Phu. Kwari ne mai faɗi, gonakin shinkafa kore shar, duwatsu sun yi masa zobe kamar bakin akushi.

Nan Janar Navarre na Faransa ya sa aka sauke sojojin laima ranar 20 ga Nuwamba 1953. Dabararsa ita ce ya tare hanyar Laos, ya kuma ja mayaƙan Viet Minh, masu yaƙin ƙwatar 'yancin Vietnam daga Faransa, su fito fili, igwa da jirage su gama da su. Ƙarfin gwiwarsa daga Amurka yake, domin a 1954 ita ke biyan kusan kashi 80 cikin 100 na kuɗin yaƙin. Har yau tankokin Chaffee na Amurka na nan sun yi tsatsa a cikin kwarin; gunduwa-gunduwa aka kawo su a jirgi, aka harhaɗa.

Abin da ya fi tsayar da ni shi ne igwogin Janar Giap, kwamandan Viet Minh. Manyan ma ƙirar Amurka ne, Sin ce ta kama su a nata yaƙe-yaƙen ta miƙa masa, haɗe da mashawarta irin su Wei Guoqing. Faransawa sun ɗauka ba mai iya hawar da su duwatsun nan. Da igiya mutane suka ja su, kekuna suka yi dakon shinkafa. A ƙarshen Janairu 1954 Giap ya fasa harin gaggawa da aka tsara, ya sa aka mai da igwogin baya, aka koma haƙa ramuka. Da aka soma harin a 13 ga Maris, cikin kwanaki filin jirgin Faransawa ya zama ba ya sauku.

Na hau tudun A1, ɗaya daga cikin wuraren da Faransawa suka ja daga, ina haki, na leƙa ƙaton ramin da nakiya ta bari a daren 6 ga Mayu. Washegari Christian de Castries, kwamandan sansanin, ya faɗa hannu. Kafin nan Faransa ta roƙi jiragen Amurka su kawo ɗauki, shugaban Amurka Eisenhower ya ƙi shiga ba tare da Ingila ba.

Ba Turawa kaɗai suka yi wannan yaƙi ba. Akwai 'yan Aljeriya da Maroko da Afirka ta Yamma, kuma Seyni Kountché, wanda ya mulki Nijar daga 1974, ya yi aikin soja a Indocina, yankin da ya haɗa Vietnam da Laos da Kambodiya, ƙarƙashin tutar Faransa.