Alhamdulillah, takardar ANMAC ta fito

Alhamdulillah. Jiya da daddare saƙon ANMAC, hukumar Ostareliya da ke tantance ƙwarewar nas-nas masu neman bizar zuwa aiki can, ya shigo, sun tantance takarduna, sun amince da ƙwarewata a matsayin nas. Har yanzu jikina bai dawo daidai ba.

Kun san abin da aka sha, ba sai na maimaita ba: NCLEX, jarrabawar nas ta kwamfuta, a Johannesburg ta Afirka ta Kudu, OSCE, jarrabawar gwada aiki a aikace mai matakai 10, a birnin Adelaide na Ostareliya, da dala 4,000 ta Ostareliya da aka tara mata da adashi da kuɗin 'yan kunnena, sannan rajistar AHPRA, hukumar da ke yi wa ma'aikatan lafiya rajista a Ostareliya. Na ɗauka daga nan an gama. Ashe da saura.

Wasiƙar shaidar aiki da ANMAC ta nema ce ta kusa kayar da ni. Ana son nas ɗin da ta shugabance ni ta rubuta ranar da na fara, ranar da na bari, da awannin da na yi. Na je asibitin da na fara aiki, aka ce fayil ɗina ba a gan shi ba. Wallahi a bakin ofishin na zauna, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. Na ga shekarun nan duk sun tafi a banza.

Mama Matiron, na san ba kya son a ambace ki, ki yafe mini. Kina hutun rashin lafiya, ƙafa a kumbure, kika hau Keke Napep kika zo. Kika sa aka buɗe sito, muka zazzage tsofaffin littattafan diyuti cikin ƙura, kina bin sunana wata bayan wata da bakin biro. Da na ce ki kimanta kawai, sai kika ce, "'Yata, ba na sa hannu a kan abin da ban ƙirga ba." Sai bayan magariba muka tashi. Allah Ya ba ki lafiya, Ya jiƙan mahaifanki, Ya sa 'ya'yanki su sami mai tsaya musu haka, Ya sa Aljanna ce makomarki.

Maigida, Inna da ta riƙe mini yara, Yaya na Zariya, 'yan wad ɗinmu da suka karɓi diyutina ba ƙorafi, Allah Ya saka da alheri, Ya biya muku bukatunku. 'Yan uwan da ban ji ko sallamarsu ba tun da aka fara, na san kowa da hidimarsa. Allah Ya bar zumunci.

Biza dai ba ta fito ba tukuna, yanzu zan shigar da sunana a SkillSelect, shafin gwamnatin Ostareliya na masu neman bizar ƙwararru, in jira gayyata. Don Allah kada ku gaji da yi mini addu'a. Masu tambaya ta waya kuma ku yi haƙuri, in na huta zan amsa wa kowa, in sha Allahu.